Wasiƙa zuwa ga Habu kan kwalbar Curaçao

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da aikin kicin ɗin otal. Allah ya sa albarka.

Ka tambaye ni game da kwalbar nan mai shuɗin ruwa da ake ce muku ku zuba a kek da kayan zaƙi. Amsar a taƙaice: idan an rubuta Curaçao kuma akwai alamar kashi cikin ɗari a jikinta, barasa ce. Ƙarfinta yakan kama daga kashi 15 zuwa 40.

Sunan na wani tsibiri ne, Kurasawo, a kudancin tekun Karebiyan, kimanin kilomita 65 daga gaɓar Benezuwela. Babban birninsa Willemstad. Sifaniyawa sun isa can a 1499, Turawan Holan suka ƙwace shi a 1634, suka mayar da shi kasuwar bayin da ake kwasowa daga Afirka ta Yamma, kuma ba a soke bautar ba sai 1863. Har yau yana cikin masarautar Holan, amma tun 2010 yake gudanar da harkokinsa na cikin gida.

Sifaniyawan ne suka kai irin lemu daga ƙasarsu. Tsibirin busasshe ne, ƙasarsa duwatsu, ruwan sama kaɗan, sai itacen ya riƙa ba da 'ya'ya ƙanana masu ɗacin da ba ya ciwuwa. Mutanen wurin suna kiransa laraha. Amfaninsa duk a ɓawo yake, don idan ya bushe a rana man da ke cikinsa yana da ƙamshi ƙwarai. A gidan Chobolobo da ke Willemstad, kamfanin Senior yana aiki da tukunyar tagulla tun ta 1896. Ana tsinke lemun yana kore, a yanka ɓawon, a shanya kwana biyar, a ɗaure a buhu tare da kayan ƙamshi, a rataya cikin tukunyar da ke ɗauke da barasar rake mai ƙarfin kashi 96. Bayan ya jiƙu a ƙara ruwa a dafa, tururin ya bi bututu ya huce ya ɗigo. Abin da ke fitowa garau yake kamar ruwa. Shuɗin nan rini ne kawai, galibi wanda ake rubuta wa E133, kuma ba ya ƙara ɗanɗanon komai.

Sunan ba shi da kariyar doka, shi ya sa kowa ke buga shi a kwalba, ko da lemunsa bai taɓa ganin tsibirin ba. Triple sec da Cointreau da Grand Marnier duk dangin Curaçao ne, duk barasa. Akwai kuma sirof ɗin Blue Curaçao wanda sukari ne da ƙamshi da rini zalla. Kwalaben sun yi kama sosai, don haka kada launi ya ruɗe ka, juya bayan kwalbar ka karanta kayan haɗin.

Kada kuma ka yarda da maganar cewa wuta tana ƙone barasar duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 a kan wuta ko a tanda, kusan kashi 40 na barasar na nan; bayan awa guda, kashi 25. Wadda aka shafa wa kek bayan an sauke shi kuwa, yawancinta tana ciki.

Ga madadin da za ka haɗa da hannunka. Samu lemun zaƙi huɗu, ka wanke da ruwan ɗumi don cire kakin da ake shafa musu. Fere fatar sama kaɗai da wuƙa mai kaifi, ka bar farin nan na ciki, shi ne ke kawo ɗaci mara daɗi. Zuba kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa a tukunya, in ya narke ka sa ɓawon, ka rage wuta, ka rufe, minti goma. Idan ka bari ya tafasa da ƙarfi a buɗe, ƙamshin zai bi tururi, ka tashi da ruwan sukari kawai. Sauke, ka bar ɓawon a ciki ya kwana, sannan ka tace. Ƙaramin cokali na ruwan lemun tsami yana hana sukarin daskarewa. A firji yakan kai mako biyu. Da ka ga ya yi gurɓi, zubar.

In ana son shuɗin, sai ka ɗiga masa shuɗiyar kalar abinci. Sai dai in ka haɗa shi da ruwan abarba ko na lemu, kore zai koma, saboda haka ka yi amfani da soda ko ruwan lemun tsami. A kek kuwa, inda takarda ta ce babban cokali biyu na Curaçao, sa biyu na naka, ka rage sukarin ƙullun da cokali ɗaya. Ka kula da 'yan kwalaben ƙamshin lemu na kek, da yawansu ma a barasa ake narka su.

Ka gaida mai ɗaki da yara. Ina jiran jin yadda ya kasance.

Naka,
Sani