Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Za Mu Kai Ɗalibai Yankari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ya ku iyaye da masu riƙon yaranmu, muna gaishe ku, ya gida, ya kuma sanyi. Wasiƙarmu ta wannan wata magana guda ta ɗauko: makaranta ta tsai da shawarar kai 'yan aji uku na ƙaramar sakandare gandun namun daji na Yankari, ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutun rabin zango, in Allah ya kai mu. Sammako za mu yi mu dawo a ranar, ba kwana.

Daga ajin Hausa maganar ta taso. Malama tana koyar da kirari, ta kawo "gwanki sha bara", sai ta tambayi yara mene ne gwanki. Ɗaya ya ce tsuntsu ne. Ta ce to wa ya taɓa ganin giwa ido da ido? Ba hannun da ya ɗaga. Da ta ba ni labari abin ya tsaya mini a rai, domin yaran nan a Bauchi aka haife su, kuma ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Nijeriya yana nan Ƙaramar Hukumar Alkaleri, tafiyar awa biyu da ɗoriya daga ƙofar makarantarmu. Baƙi na tasowa daga Legas da ƙasashen Turai su zo kallo, 'ya'yan gida kuwa sai dai su ji a tatsuniya.

An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 ya zama gandun ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 ya dawo hannun gwamnatin jiharmu. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 350 a cikinsa. Mun zaɓi rani da gangan. Yanzu ciyawa ta bushe, tafkunan daji sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro Kogin Gaji shan ruwa, a nan ake riskar ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo, wani lokaci har dorina da kada. Da damina daji ya rufe, sai a wuni ana yawo ba a ga komai ba. Duk da haka ku gaya wa yara gaskiya tun daga gida: Yankari ba gidan zu ba ne, ba a ɗaure giwa tana jiran kowa ba. Muna iya ganinta, muna iya ganin sawunta kawai da rassan da ta kakkarya, shi ma darasi ne.

Motoci za su tashi ƙarfe 6:00 daidai, bayan sallar asuba. Za mu bi titin Gombe, mu karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin sansanin Wikki. Ina roƙon arziki a kan lokacin nan. A wata fita da muka yi a baya, jiran mutum uku ya cinye mana awa guda. Namun daji da sanyin safiya suke fitowa, rana na ɗagawa su shige inuwa, don haka wanda ya makara ya cuci 'yan'uwansa. A sansani za mu shiga motocin gandun tare da jagororinsu, kuma babu yaron da zai sauko sai da izinin jagora. In lokaci ya ba mu, za mu leƙa Kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da ɗakin tarihi inda aka ajiye hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace daga masu farauta ba bisa ƙa'ida ba.

Na san abin da ya fi damun iyaye shi ne ruwan Wikki, ni ma haka. Ruwa ne mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa digiri 31 rani da damina, garai-garai har ana hango yashin ƙasa. Wannan hasken ne ke ruɗin yaro ya zaci ba zurfi, alhali ta wajen bakin dutsen ruwan yana shanye babban mutum. Don haka babu mai shiga sai wanda mahaifinsa ko mai riƙonsa ya sa hannu, shi ma a gefen da ba zurfi, malamai na tsaye a kansa. Maza da lokacinsu, mata da nasu tare da malamai mata, cikin sutura ta mutunci.

Sai gwaggon biri. Sun cika sansanin, sun saba da mutane, kuma suna fizge leda daga hannu. A zuba wa yaro abincinsa a kula mai murfi cikin jaka mai zif, a ja masa kunne kada ya ba su komai, kada ya tsokane su. A haɗo masa gorar ruwa, rigar sanyi don safiya, hula, takalmi rufaffe, da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando, sai littafi da biro domin kowa zai rubuto sunan dabbobin da ya gani da Hausa. Yaron da ke da asma ko sikila, ko yake shan wani magani, a sanar da malamin ajinsa tun yanzu, a kuma haɗo maganin. Za mu tafi da akwatin taimakon gaggawa da ma'aikaciyar jinyarmu.

A sansani za mu yi azahar, mu kamo hanya da wuri domin kada dare ya riske mu a titi. Kuɗin mota da na shiga suna cikin takardar izinin da muka ba yara, a dawo da ita kafin Alhamis. Wanda kuɗin ya yi wa nauyi ya same ni a ofis, tsakanina da shi, ƙungiyar iyaye da malamai ta ware wani abu domin haka. Muna kuma neman iyaye huɗu, maza biyu mata biyu, da za su raka mu.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.

Wassalam,
Shugabar Makaranta