A Duba Inda Kuɗin Yaƙi Da Ɓarayin Intanet Ke Tafiya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina goyon bayan tallafin da gwamnati ke ware wa 'yan sanda don yaƙar masu damfara ta intanet. Damuwata ita ce tallafin shekara guda. A sayi kwamfutoci, a horar da jami'in da zai ciro hujja daga wayar da aka kama har kotu ta karɓa, sai kuɗi ya yanke. Lasisin manhajar bincike ya ƙare, kamfani kuma ya janye jami'in da albashi mai tsoka. Ga ɓarawon sau da yawa yana wata ƙasa, dalilin ƙulla Yarjejeniyar Budapest ta haɗin kan ƙasashe wajen yaƙar laifukan intanet a 2001 ke nan, kuma irin wannan shari'a takan ɗauki shekaru. Don Allah a sa albashi da horo cikin kasafin kowace shekara.

Naka,
Mai karatu