Kafin a ce wa manomi ya yi feshi, a gaya masa abin da masararsa ke yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku na shafin noma kan tsutsar da ke cin masara, kuma na yaba da yadda wakilinku ya shiga gona da ƙafarsa ya ji ta bakin manoma. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da aka rufe rahoton da ita: a sayi magani, a yi feshi, a sake yin feshi. Ba a ambaci ko sau ɗaya cewa ita kanta masarar tana da hanyar kare kanta ba, kuma feshin da ake yi ba lissafi yana rusa wannan hanya.

Wannan tsutsa, wadda ake kira fall armyworm da Turanci, baƙuwa ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka ta Yamma, har da Najeriya. Duk wanda ya buɗe zuciyar masarar da ta kama ya san abin da zai gani: ganye ya huhhuje, kashinta ya taru a ciki jiƙe-jiƙe, ita kuma ta lafe can ƙasa inda magani ba ya saurin kai wa. A ido dai masarar ta tsaya ne ana cin ta. Amma a cikin ganyen, aiki ya riga ya kankama.

A jikin kowace ƙwayar halittar ganye akwai maiƙo. Da zarar haƙorin tsutsa ya yaga ganyen, shukar takan saki wani maiƙo da ake kira linolenik asid, ta sarrafa shi ya zama sinadarin jasmonet. Cikin 'yan mintoci yawansa yake tashi a wurin raunin, sannan saƙon ya kai ga ganyayen da ba a ko taɓa ba, su ma su shiga shiri. Tun 1972 Clarence Ryan da abokin aikinsa Green, masu bincike a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka, suka nuna cewa tumatir da dankalin Turawa da aka ji wa rauni suna tara wasu sinadarai masu hana cikin ƙwaro narkar da abinci. Tsutsa ta ci, amma cin bai yi mata amfani ba, girmanta ya ja baya. A 1990 Ryan da Edward Farmer suka ƙara gano cewa wani nau'in jasmonet yana tashi a iska ya tayar da wannan shiri a jikin shukar da ke kusa.

Abin da ya fi shafar manominmu shi ne binciken da Ted Turlings da James Tumlinson da abokansu suka wallafa a 1990 daga Florida. Sun ga cewa masarar da tsutsa ke ci tana fitar da wani ƙamshi, kuma wannan ƙamshi ne ƙananan zanzaro ke bi su iso ga tsutsar, su saka ƙwansu a jikinta, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. Idan aka kankare ganyen kawai, ƙamshin ba ya fita da ƙarfi. Sai an shafa yawun tsutsar a wurin raunin. Ashe shuka tana bambance raunin iska ko na fartanya da na baki mai ci. A 1997 aka gano sinadarin da ke cikin yawun, aka sa masa suna bolisitin, kuma wani sashe nasa maiƙon masarar ne da tsutsar ta ci. Da abin da ta haɗiya ake tona mata asiri. Wake ma yana da irin wannan: a 2006 an gano yana gane wannan tsutsa ta masara ta wani guntun sinadarin ganyensa da ke dawowa a yawunta.

To, Malam Edita, duba abin da ke faruwa a gonakinmu. Masara ta yi kira, zanzaro ya amsa, cinnaka da gizo-gizo suna nasu aikin. Sai manomi ya saɓa injin feshi da tsakar rana, da maganin da ba ya zaɓen ƙwaron da zai kashe, wani lokaci ma an haɗa kala biyu ko uku a tanki ɗaya bisa shawarar mai shago. Tsutsar tana ɓoye a zuciyar masara. Waɗanda ke fili, masu yawo a kan ganye suna neman ta, su ne ke fara mutuwa. Bayan mako biyu tsutsa ta dawo ba mai tare ta, sai a ce maganin jabu ne, a ƙara wani. Na yi shekaru ina aikin malamin gona, kuma babu abin da ya fi ci mini rai kamar ganin yaro yana feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, kuɗin taki ya tafi a kan magani, ga amfanin bai fito ba.

Ba cewa nake a daina feshi ba. Idan ɓarna ta yi yawa a kan ƙaramar masara, dole a yi. Amma a fara zagaya gona a duba, a murƙushe ƙwan da ke manne a ganye, a yi feshin da yamma ko da sassafe lokacin da tsutsar ke fitowa, a kuma nufi zuciyar shukar da bakin injin. Kuma kada a ɗauka kariyar shuka kyauta ce gare ta. Ƙarfin da ta zuba wajen faɗa da ƙwaro daga na girma ta cire shi, shi ya sa masarar da ke fama da yunwa da ƙishi ba ta jure abin da mai ƙoshi ke jurewa. Taki da noma a kan kari suna cikin maganin tsutsa.

Wannan ilimi ya riga ya fita daga ɗakin bincike. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE, a wani aiki da Zeyaur Khan ya jagoranta tare da masana daga cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ta ɓullo da tsarin shuka desmodiyum, wani tsiro dangin wake, a tsakanin kunyoyin masara, da ciyawar dabbobi a gefen gona. Desmodiyum yana korar ƙwarin daga tsakiya, ciyawar tana janyo su gefe, sannan saiwar desmodiyum ɗin tana danne ƙuduji. A nan maƙwabta, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi, da na ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, sun daɗe suna kiwon wani ƙaramin zanzaro, suna raba shi ga ƙauyuka a cikin 'yan jakunkunan algarara don ya kashe tsutsar zangarniyar gero. Da yawa daga manoman Nijar Hausawa ne irinmu, gerensu irin namu ne. Me ya hana a je a ji ta bakinsu?

Akwai kuma tambayar da ya kamata a kai wa masu samar da iri. Binciken da aka yi a ICIPE ya nuna wasu tsofaffin nau'o'in masara na gargajiya suna fara kiran zanzaro tun daga lokacin da asu ya ajiye ƙwai a kan ganye, kafin ma tsutsa ta ƙyanƙyashe, alhali yawancin irin kamfani da aka gwada ba sa yin haka. Ina son in ji daga bakin masana na cibiyar binciken noma ta IAR Samaru da na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a reshenta na Kano, ko ana duba wannan hali yayin da ake zaɓen irin da za a ba mu.

Roƙona shi ne kafin damina ta kankama ku tura wakilinku wajensu, ya zo mana da hotunan ƙwarin da ke taimakon manomi da sunayensu da Hausa, ku buga su manya yadda mai sayar da magani a kasuwar ƙauye zai iya liƙawa a ƙofar shagonsa. Gidajen rediyo da ke karanta shafinku da safe su ma za su ɗauka.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani tsohon malamin gona, daga Zariya