Takardar Koke Kan Cinikin Gonakin Gado Da Dangwala Yatsan Marasa Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da biyayya irin ta talakawa ga ubansu, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya. Mu dattawa da matasa da iyaye mata na unguwarmu ne muka rubuto, domin tura ta kai bango.

A makon jiya aka wayi gari ana haƙa harsashin gini a gonar wani dattijo da ke kwance da shanyewar ɓarin jiki. Bawan Allahn nan ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa, magana ma sai da ido. Amma sai ga takardar ciniki da dangwalen yatsansa, da shaidu biyu, da hatimi. Uwargidansa ta ce da ta zo yi masa alwala ta ga shuɗin tawada a babban yatsansa, ta zaci magani aka shafa masa. Ashe babban ɗansa ne ya shigo da dillali bayan la'asar, mata suna can wajen girki. Ranka ya daɗe, mutum yana numfashi a ci gadonsa?

Mun sha kai irin wannan kuka wurin mai unguwa, mun je gaban Dagaci, liman ya yi huɗuba, kullum sai a ce a yi haƙuri, 'yan uwa ne. Akwai gidajen da masu su suka daɗe a ƙasa ba a raba ba, har magada sun fara mutuwa, gado ya hau kan gado. Mace ta gama takabar wata huɗu da kwana goma, a ce ta kwashe kayanta, tumuninta ko labari. 'Ya mace a miƙa mata kuɗin sabulu a ce gona ta maza ce, alhali aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta yanka mata rabonta. Bashin mamaci da wasiyyarsa, da ya kamata a fitar kafin rabo, ba mai tuna su.

Muna roƙo, Allah ya taimake ka, a tsayar da ginin nan, a kira ɗan da dillalin da shaidun, a tura maganar Kotun Shari'a ta naɗa wa dattijon waliyyi amintacce. A hana masu unguwanni buga hatimi a cinikin gado sai duk magada sun hallara, har matan aure da ke wasu garuruwa. A buɗe littafi a fadarka inda mai lafiya zai rubuta bashinsa, da wasiyyarsa da ba ta wuce sulusi ba, da wanda zai kula da dukiyarsa in ciwo ya kwantar da shi. Kuma don Allah a bincika wanda ya buga hatimin nan, domin gidansa yana kallon gidan majinyacin.

Mun tausa matasa su jira hukuncinka, amma magina suna can suna aiki.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Talakawanka masu biyayya,
Al'ummar unguwa.