Saƙo ga 'yan ƙungiya kan gardamar da ta tashi a taronmu na wannan wata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Ohio da Kentucky, da na New York, da waɗanda ke Ingila da Saudiyya, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya da iyali. Ya sanyi? Allah Ya kai mu azumi da rai da lafiya.

Shugaba ne ya ce in rubuto wannan, domin labarin taronmu na ranar Lahadi ya riga ya iso wa wasunku ta waya, kuma ya iso da gishiri. Har daga gida an kira ni ana tambaya wai da gaske an ba hammata iska. Ba a yi ba. An dai ɗaga murya, tuwo ya huce a kwano ba a kula ba, wani kawunmu ya ɗauki hularsa ya fice ya zauna a mota, bayan minti goma sanyi ya dawo mana da shi. Iyakar abin ke nan.

Mafarin maganar, ɗaya daga cikin samarinmu da ke zaune a Florence, wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa shekaru uku da suka wuce, ya kawo shawara cewa a ɗebi wani abu daga asusu a buga takardu da sunan ƙungiya, a nuna goyon baya ga ɗan majalisar mazaɓarsu, Thomas Massie, a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Republican na ranar 19 ga Mayun 2026.

Ga waɗanda ba su san mutumin ba: shi ke wakiltar mazaɓa ta huɗu ta Kentucky a Majalisar Wakilai tun 2012, wato yankin da ya haɗa Covington da Florence da Hebron, tsallaken kogi daga Cincinnati, inda da yawanmu ke aikin dare a manyan sito na kusa da filin jirgi. Injiniya ne da ya yi karatu a jami'ar MIT, yana kiwon shanu a gonarsa, gidansa ma ba ya kan layin wutar gari, da sola yake amfani. Yana cikin waɗanda ake kira 'yan libatariyan, masu ganin gwamnati ta tsame hannunta daga aljihun mutum da gidansa da wayarsa, ta kuma daina shiga rigimar wasu ƙasashe. A ƙirjin kwat ɗinsa yakan maƙala wata 'yar na'ura mai nuna bashin da ake bin Amurka yana hawa daƙiƙa bayan daƙiƙa, bashin da ya haura dala tiriliyan 38 a 2025. Shi da Shugaba Trump ba sa ga maciji. Tun 2020, lokacin da ya nemi a tilasta wa 'yan majalisa su zo su kaɗa ƙuri'a da sunansu kan tallafin korona na dala tiriliyan 2.2, Trump ya ce a kore shi daga jam'iyya. A watan Oktoban 2025 kuma ya tsayar masa da abokin hamayya, wani tsohon sojan ruwa mai suna Ed Gallrein.

Hujjar yaron ta farko ta shiga kunnen kowa, domin ta taɓa aljihu. Kun san tun 1 ga Janairun 2026, wanda ya kai tsabar kuɗi kanti don a tura masa gida, ana cire harajin kashi 1 cikin 100. Dala 500, dala 5. Da farko kashi 5 aka so sa wa, aka sauko 3.5, aka tsaya a 1. Harajin yana cikin babbar dokar nan ta haraji da kashe kuɗin gwamnati da ta wuce a watan Yulin 2025 da ƙuri'a 218 da 214, kuma 'yan Republican biyu kacal suka ƙi ta, Massie ɗaya ne. (Af, tun da maganar ta zo: idan daga asusun banki ko katin banki na nan kuka tura, harajin bai hau kanku ba. Masu zuwa kanti da kuɗi a hannu su lura.) Yaron ya ce, ga wanda ya tsaya mana ranar da sauran suka sunkuyar da kai.

Nan ne wata yayarmu ma'aikaciyar jinya ta ajiye cokali ta ce, "Ƙanena, tsaya mana ya yi, ko dai hanya ce ta haɗa mu?" Gaskiya ta faɗa. Massie bai ɓoye dalilinsa ba: dokar za ta ƙara wa ƙasa bashin sama da dala tiriliyan 3 cikin shekara goma, kuma a ganinsa ba a rage kashe kuɗi yadda ya kamata ba. Dokar da ta riga ta yanke Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, shi yana ganin wuƙar ba ta shiga sosai ba. Ta ce ta san gidaje a cikinmu, ba sai ta faɗi suna ba, waɗanda da Medicaid aka haifi 'ya'yansu, da shi ake sayen maganin sukarin tsohuwa. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci.

Sai aka koma kan yaƙi, inda hayaniyar ta fi yawa. Dukanmu mun tuna daren 25 ga Disamban 2025, yadda wayoyi suka riƙa ƙara bayan Amurka ta harba makamai masu linzami jihar Sakkwato, da yadda mutanen Jabo suka wayi gari suna kallon ɓaraguzai a gona. Gwamnatin Najeriya ta ce da saninta aka yi. A cikinmu akwai wanda ya ce madalla, in dai 'yan ta'adda aka nufa, ai mun gaji da binne mutane. Akwai wanda ya kwana bai runtsa ba don mahaifiyarsa tana can. Masu son Massie suka ce abin da ya daɗe yana faɗa ke nan, cewa kundin tsarin mulki majalisa ya ba ikon ayyana yaƙi, bai ba mutum ɗaya ba. A watan Yunin 2025 shi da Ro Khanna na jam'iyyar Democrat suka kawo ƙudurin hana shiga yaƙi da Iran sai da izinin majalisa. Abokin tafiyarsa Sanata Rand Paul, shi ma ɗan Kentucky, ya nemi a janye sojojin Amurka daga Nijar tun Oktoban 2023, sanatoci 11 kawai suka bi shi, 86 suka ƙi. Kafin shekara ta zagayo sai ga sojojin sun tattara sun bar Agadez, bisa buƙatar mahukuntan Yamai.

Aka kuma tuna cewa a 2021, da aka kaɗa ƙuri'ar ba Isra'ila dala biliyan 1 don garkuwar makamai, 420 suka amince, 9 suka ƙi, shi kaɗai ne ɗan Republican a cikin taran. Na ga wasu suna gyaɗa kai kamar an yi musu bushara, ɗaya har da kabbara.

A nan zan sa bakina, da izinin Shugaba, a matsayin ɗan ƙungiya kawai. Mutumin nan bai ƙi kuɗin don ƙaunar Falasɗinawa ba. Duk wani kuɗi da zai fita daga baitulmalin Amurka zuwa wata ƙasa yana ƙinsa, na makami ne ko na magani. Bakin da ya ce a'a ga makaman, shi ne zai ce a'a ga abincin yara masu tamowa a Maiduguri da gidan sauro a ƙauyukanmu. Ba shi ya rushe USAID, hukumar ba da tallafi ga ƙasashen waje, a 2025 ba, gwamnatin Trump ce, amma aƙidarsa ba ta da abin da za ta yi kuka a kai. Wanda ya yarda cewa tallafin waje ya lalata mu, ya koya wa gwamnoninmu kwanciya, to ya zaɓi Massie da idonsa biyu, kuma ra'ayi ne da wasu masu hankali ke da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya tura sauran ƙarƙashin tabarma. Kayan nan a ɗaure ake sayar da shi, ba a warewa.

Wani abin da ya sa dariya a tsakiyar rigimar shi ne maganar nama. Duk wanda ya taɓa yin Layya a nan ya san wahalar: ka tuƙa mota awa biyu zuwa gonar wani Bature, ka zaɓi rago, a yanka a ƙaramar mayanka, a buga wa naman tambarin ba na sayarwa ba ne. Dokar tarayya ta ce irin wannan nama na mai dabbar ne da iyalinsa da baƙinsa, ba ya shiga kasuwa. Massie ya shekara da shekaru yana kawo ƙudurin da zai bar jihohi su ba ƙananan mayanku damar sayarwa a cikin jiha, har yau bai zama doka ba. Yana kuma da wani na halatta kai ɗanyar madara daga jiha zuwa jiha. Wani Alhaji da ya gaji fawa tun kakanni ya ce in dai a kan wannan ne ya ba shi ƙuri'a goma. Aka tuna masa ko ɗaya ba shi da ita. Yayarmu ta jinya kuwa ta ce madarar da ba a tafasa ba ita ce ke kawo mata marasa lafiya, kindirmon gida ma ai sai an dafa madarar kafin a zuba mata tsami.

Kan leƙen asirin waya, kusan kowa ya ba shi gaskiya. Dokar da ake kira sashe na 702 ta ba hukumomi damar tattara saƙonnin mutanen da ke wajen ƙasa, kuma idan kai ne a ɗaya bakin layin, naka ya shiga ciki. Mu da ke kiran gida safe da yamma mun san abin da hakan ke nufi. A Afrilun 2024 an nemi a wajabta samun izinin kotu kafin a binciki saƙonnin mutanen da ke nan Amurka, ƙuri'a ta tashi 212 da 212, gyaran ya faɗi. Massie yana cikin na gaba wajen neman wannan gyara.

Bindiga ce ta fitar da Kawu waje. Wata Hajiya ta ɗaga wayarta ta nuna hoton nan na Disamban 2021, Massie da iyalinsa kowa riƙe da bindiga gaban bishiyar Kirsimeti suna murmushi, kwanaki kaɗan bayan wani yaro ya harbe ɗalibai huɗu a wata makaranta a Michigan. Ta ce 'yarta mai shekara bakwai ta dawo daga makaranta tana nuna mata yadda aka koya musu ɓuya a bayan ƙofa, a kashe fitila, a yi shiru. Ta ce, "Don wannan na baro gida?" Kawu ya ce da mutanen ƙauyenmu na da abin kare kansu da ba a kwashe su kamar kaji ba, ai ko gwamnan Zamfara a 2022 sai da ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga. Hajiya ta ce, "Kawu, su ma 'yan sa-kai da haka suka fara." Bai ba ta amsa ba, hula ya ɗauka. Ni ban san wanda zan ba gaskiya a tsakaninsu ba, kowannensu ya binne nasa.

Kan shige da fice kuwa, kada kowa ya ruɗi kansa. Massie mutum ne mai son a tsaurara iyaka. Ya ƙi wata dokar iyaka a 2023 ne don ta tilasta wa masu ɗaukar aiki tantance kowane ma'aikaci a rumbun bayanan gwamnati, shi kuma ba ya son irin wannan rumbu.

Ga abin da kwamiti ya yanke. Ƙungiya ba za ta goyi bayan kowa ba, ba shi ba, ba abokin hamayyarsa ba. Rajistarmu ta ƙungiyar jin ƙai ce, doka ta hana mu tallata ɗan takara, in muka yi muna iya rasa sassaucin haraji. Kuɗin asusu na rijiyar burtsatse ne da kai gawa gida da taimakon marayu, a nan za su tsaya. Kowa yana da 'yancin yin nasa da sunansa.

Sai gargaɗi, kuma ina roƙon iyaye su karanta wa yara. Wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya kuskura ya yi rajistar zaɓe, ko da wani ya miƙo masa takarda a bakin kanti ko wurin karɓar lasisin tuƙi ya ce ba komai. Laifi ne da ke iya jawo kora, kuma yana ɓata neman zama ɗan ƙasa nan gaba. Mai katin zama na dindindin yana iya ba ɗan takara gudummawar kuɗi amma ba ya zaɓe. Mai bizar karatu ko ta ziyara ko gudummawar ma ba ya bayarwa, haka ku da ke Ingila da Saudiyya. A Kentucky kuma sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ne ke zaɓen fidda gwaninta, kuma damar sauya jam'iyya ta rufe tun 31 ga Disamban 2025. Sababbin 'yan ƙasa da ba su taɓa rajista ba suna da lokaci har kusan wata guda kafin zaɓen. Da muka ƙirga a ɗakin, waɗanda za su iya kaɗa ƙuri'a a wannan zaɓe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma Kawu ba ya cikinsu.

Taro na gaba sai bayan Ƙaramar Sallah. Waɗanda ake bi kuɗin wata su tuntuɓi ma'aji kafin azumi, domin mai haƙa rijiya ya ce ba zai kawo inji ba sai an cika masa rabi. Hajiya da Kawu sun gaisa kafin a watse, ita ce ma ta zuba masa miyar da ya tafi da ita gida.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin Shugaba da kwamiti