Takardar Koke Kan Layin Dogon da Ya Ratsa Samaru da Shika

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Fadar Zazzau, Zariya.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne mazauna Samaru, Hayin Dogo, Palladan, Kwangila da Shika, muka zo da kukanmu.

Ranka ya daɗe, duk mai zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ko asibitin koyarwa na Shika daga Birni ko Tudun Wada, sai ya hau abin hawa biyu ko uku, ga cunkoson Kwangila, ga tireloli. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin keke-napep da bas ya fi ƙarfin ɗalibi da mai jinya. Alhali ga layin dogo nan a bayan gidajenmu, wanda ya tashi daga tashar Zariya ya nufi Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda tun 1929. Yau awaki ke kiwo a kansa, mata na shanya barkono.

Ƙaramin jirgi ba baƙo ba ne a Zazzau. Kakanninmu sun ga ɗan siririn jirgin da ke ɗauko kuza daga ƙasar Jos zuwa Zariya, har aka rufe layinsa a 1957. Jirgin cikin gari na Legas ya fara jigilar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, na Abuja ya dawo aiki a 2024. Su sai da suka sha fama da neman fili da biyan diyya. Mu kuwa hanyar a shimfiɗe take. Kuma gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa.

Roƙonmu, Sarki ya kai maganar gaban Gwamnatin Jihar Kaduna da hukumar jiragen ƙasa, a gyara layin daga Sabon Gari zuwa Shika, a sa 'yan taragu masu zirga-zirga safe da yamma. Cibiyar nazarin sufuri ta NITT a garin nan take, a ba ta aikin binciken. Kafin nan, a umarci hakimai da masu unguwanni su hana yanka filaye a gefen dogo, don gine-gine sun fara cin hanyar.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka, da sa hannunmu a takardar da ke haɗe.