Matar Tolstoy ma ta rubuta nata, sai aka ajiye a akwati

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke cina. Satin da ya wuce a ofishin malamai na makarantar da nake koyarwa wani abokin aikinmu ya ce wai mata marubuta su daina taɓo maganar aure da ciki da haihuwa a littattafansu, wai rashin kunya ne kuma kwaikwayon Turawa ne, ban tanka ba a wajen amma wallahi har na hau keke napep zuwa gida maganar na min yawo a kai.

Babana, Allah ya jiƙansa, a Tarayyar Sobiyet ya yi karatu, ya dawo da akwatin ƙarfe cike da littattafai, a ciki na tsinci fassarar littafin Anna Karenina na Tolstoy, marubucin Rasha, ina 'yar sakandare, na dinga karantawa da tocila in an ɗauke wuta. Matar aure ce ta bi wani, aka raba ta da ɗanta, kowa ya juya mata baya har ta faɗa ƙarƙashin jirgin ƙasa. Ba wanke ta nake ba, laifi ta yi. To amma ɗan'uwanta Stiva tun shafin farko shi ma ya ci amanar matarsa, kuma ba wanda ya daina gaishe shi ko kiransa cin abinci. Wannan ba sai an fassara mana ba, mun san shi a unguwanninmu.

Kuma su Rashawan nan da ake cewa ba su san kunya ba, sun yi kulle fa. A da matan manyan gidaje a Mosko a wani sashe na daban suke zama da ake kira terem, baƙo namiji ba ya ganinsu, sai da Sarki Bitrus Babba ya ba da doka a 1718 cewa a dinga fitowa taro maza da mata. Bayan juyin juya halin Rasha gwamnatin Sobiyet ta halatta zubar da ciki a 1920, shugabansu Stalin ya haramta a 1936, a 1944 aka fara ba wadda ta haifi 'ya'ya 10 kuma ta raine su lambar yabo saboda yaƙi ya cinye mutane, a 1955 kuma aka sake halattawa. Yau a ce shiga ciki gobe a ce fito, yau haifi gobe bari, duk daga sama ake yanke wa mace hukunci.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Sofiya matar Tolstoy ɗin. An mata aure a 1862 tana 'yar shekara 18 shi yana 34, ta haifa mai 'ya'ya 13, biyar sun rasu suna yara, ga shayarwa ga jego ga hidimar gida, da dare kuma ta zauna tana kwafe rubutunsa da hannu. Sai a 1889 ya rubuta Kreutzer Sonata, labarin mijin da kishi ya sa ya kashe matarsa, cike da zagin kwanciyar aure, mutane suka dinga cewa da ita yake. Hukuma ta hana buga littafin, kuma ita ɗin dai ce ta je gaban Sarki Alekzanda na Uku a 1891 ta roƙa aka bari. Daga baya ta rubuta nata labarin ta fuskar matar, amma sai da aka yi kusan shekara 100 kafin a buga shi. Duk sanda na tuna wannan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Shi ya sa Edita nake roƙonku ku buɗe shafi ko sau ɗaya a wata, matanmu su rubuta abin da suka sani na ciki da goyo da yoyon fitsari da zaman kishi, cikin ladabi da sakaya kamar yadda iyayenmu suka koya mana. Ina da ɗalibai mata uku da ke rubutu a bayan littafin darasi suna ɓoyewa, in kun buɗe ni zan kawo muku nasu da kaina.

Daga wata malama,
Tudun Wada, Kaduna